TP Mazembe: abin da Lubumbashi ta gina, da abin da ke neman kuɓuce mata

A gasar kofin duniya ta ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa da FIFA ta shirya a Amurka cikin watannin Yuni da Yuli na 2025, ƙungiyoyi 32 ne suka fafata. Huɗu daga cikinsu na Afirka ne: Al Ahly ta Masar, Wydad ta Maroko, Espérance ta Tunusiya da Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu. Duka huɗun a zagayen rukuni suka tattara kayansu. Sunan da babu shi a jerin shi ne na Tout Puissant Mazembe ta Lubumbashi, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ita ce ƙungiyar Afirka ta farko da ta taɓa kai wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi, a 2010. Rashin nata yana da dalili, kuma dalilin ya shafi duk mai son ƙwallo a kudu da Sahara, har da mu nan Nijar.

Daga makarantar mishan zuwa sarautar Afirka

A 1939 ne limaman Katolika na ɗariƙar Benedikt suka kafa ƙungiyar domin ɗalibansu a garin Elisabethville, wanda yau ake kira Lubumbashi. Sunanta na farko Saint-Georges. Daga baya ta ɗauki sunan Englebert, wani kamfanin tayoyin mota da ke tallafa mata. Bayan ta share kofunan cikin gida a 1966 aka ƙara mata laƙabin Tout Puissant, wato mai cikakken ƙarfi. Sunan Mazembe ya zo ne a zamanin Mobutu, lokacin da ake kawar da sunayen Turawa. Rigarta baƙi da fari ce, magoya baya kuma na kiran ƴan wasanta hankaki.

Zamanin ɗaukakarta na farko gajere ne amma mai nauyi. Ta buga wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka sau huɗu a jere, daga 1967 zuwa 1970. Ta ɗauki na 1967 a gaban Asante Kotoko ta Gana, wadda ba ta zo wasan raba gardama ba bayan an yi kunnen doki gida da waje. Ta ɗauki na 1968 a hannun Étoile Filante ta Lome. A 1969 Ismaily ta Masar ta doke ta, a 1970 kuma Kotoko ta rama. Ɗan wasanta na baya, Bwanga Tshimen, shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1973, kuma shi da mai tsaron gida Kazadi Mwamba suna cikin tawagar Zayar da ta je gasar kofin duniya a 1974. A 1980 ta ƙara da kofin masu riƙe da kofunan ƙasashe.

Daga nan sai shiru. Shekara 29 Mazembe ba ta sake ɗaga wani kofi na nahiya ba. Waɗannan shekaru su ne na durƙushewar tattalin arzikin Zayar, da rushewar Gécamines, kamfanin gwamnati mai haƙar tagulla wanda yankin Katanga ke rayuwa a kansa, sannan yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1996. Ƙungiya ba ta fin garinta ƙarfi: da aljihun Katanga ya bushe, ƙwallon Lubumbashi ma ya bushe.

Zuwan Katumbi

Moïse Katumbi, ɗan kasuwa da ya tara dukiya a cinikin kifi, sufuri da aikin ma'adinai, ya karɓi shugabancin ƙungiyar a 1997. A 2007 ya zama gwamnan Katanga. Abin da ya yi ba boyayye ba ne. Ya biya albashin da zai hana ɗan wasa gudu zuwa ƙaramar ƙungiya a Turai, ya ɗauko ƙwararru daga Zambiya, Tanzaniya, Gana, Mali da Kodebuwa, ya kawo masu horaswa na waje, ya saya wa ƙungiyar jirgin sama nata. Wanda ya san wahalar tafiya tsakanin biranen Afirka, inda tawaga kan kwana biyu a hanya kafin wasan minti 90, ya san jirgin nan ba ado ba ne.

Sakamakon ya fito a 2009. Mazembe ta sha kashi 2 da 1 a Owerri a hannun Heartland ta Najeriya, ta ci 1 da nema a Lubumbashi, ta ɗauki kofin da ƙwallon da ta ci a waje. A 2010 ta lallasa Espérance 5 da nema a gida, aka tashi 1 da 1 a Tunis. A watan Disamba na wannan shekara, a Abu Dhabi, ƙarƙashin mai horaswa ɗan Senegal Lamine N'Diaye, ta fitar da Pachuca ta Meziko da ci 1 da nema, sannan ta doke Internacional ta Barazil 2 da nema, da ƙwallayen Kabangu da Kaluyituka. Inter Milan ta Samuel Eto'o ta ci ta 3 da nema a wasan ƙarshe, amma tarihi ya riga ya kafu: ba a taɓa samun ƙungiya daga wajen Turai da Kudancin Amurka ta kai wannan mataki ba. Har yau yara na kwaikwayon rawar zaune ta mai tsaron gida Robert Kidiaba.

Kofin zakaru na biyar ya zo a 2015, a kan USM Alger. Aka biyo da kofin Confédération a 2016 da 2017. A tsakani, a 2012, ƙungiyar ta buɗe filin wasanta na kanta a unguwar Kamalondo, mai ɗaukar ƴan kallo kusan 18.000. Ƙungiyoyin Afirka ƙalilan ne ke da fili mallakinsu, kuma cikin duk abin da aka kashe wa kuɗi, wannan ne ba ya tsufa da tsufan ƴan wasa.

Inda gizo ke saƙa

Ƙungiyar da ke tsaye a kan mutum ɗaya tana ɗaukar zazzaɓin duk abin da ya same shi. A ƙarshen 2014 Katumbi ya yi wani jawabi a Lubumbashi inda ya yi misali da fenariti na uku na zalunci, kowa kuma ya gane cewa da wa'adi na uku na shugaba Joseph Kabila yake. Ya ajiye gwamna a Satumban 2015, ya bar ƙasar a Mayun 2016, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara uku a bayan idonsa, bai koma gida ba sai Mayun 2019. A zaɓen shugaban ƙasa na Disamban 2023 ya zo na biyu bayan Félix Tshisekedi. Ba za a ce siyasa ce kaɗai ta rage wa Mazembe kaifi ba, domin kofuna biyu na Confédération ta ɗauke su ne yana gudun hijira. Amma tun 2015 ba ta sake kai wasan ƙarshe na kofin zakaru ba. Ta tsaya a na kusa da na ƙarshe a 2019 gaban Espérance, da kuma 2024 gaban Al Ahly.

Dalili na biyu ya fi na farko girma. Daga 2017 zuwa 2025, duk kofunan zakarun Afirka tara arewa suka tafi: Wydad biyu, Espérance biyu, Al Ahly huɗu, Pyramids ɗaya. Waɗannan ƙungiyoyi suna wasa ne a gasar cikin gida mai kuɗin talabijin, da kamfanoni masu talla, da filaye masu kyau. Mazembe kuwa tana wasa a gasar da sau da yawa ake dakatarwa saboda rashin kuɗin tafiye-tafiye, a ƙasar da gabashinta ke cikin yaƙi. Mai kuɗi ɗaya na iya sayen ƴan wasa 25, amma ba zai iya sayen abokan hamayya masu ƙarfi da za su riƙa wasa ƴan wasan kowane mako ba.

Sabon tsarin FIFA kuma na ƙara faɗaɗa ratar. Kowace ƙungiyar Afirka da ta je Amurka a 2025 ta karɓi dala miliyan 9,55 tun kafin ta taɓa ƙwallo, sama da miliyar 5 na kuɗin sefa. Wanda ya ci kofin zakarun Afirka a wannan shekara dala miliyan 4 ya samu. Ke nan halartar gasar FIFA kawai ta ninka ladan cin kofin nahiya fiye da sau biyu, kuma kuɗin sun shiga hannun waɗanda dama su ne a gaba.

Duk da haka ginin bai rushe ba. A Nuwamban 2024 ƙungiyar matan Mazembe ta ci kofin zakarun Afirka na mata, ta doke AS FAR ta Maroko 1 da nema a ƙasar Marokon. Kuma hanyar da Mbwana Samatta ya bi, daga Tanzaniya zuwa Lubumbashi, zuwa Genk ta Beljiyam a 2016, zuwa Aston Villa ta Ingila a 2020, ta nuna cewa ƙungiyar Afirka na iya sayar da ɗan wasa da daraja maimakon ya sulale a banza.

Abin da ya shafe mu

A Nijar tsarin daban ne, amma ciwon iri ɗaya ne. Yawancin ƙungiyoyin da ke da ƙarfi a gasarmu na hukumomi ne: AS FAN ta soja, USGN ta jandarma, AS GNN ta garde, AS Douanes ta duwan, AS Police, AS Sonidep. Su ne ke iya biyan albashi, su ne kuma suka fi kai mu nesa: AS FAN ta shiga zagayen rukuni na kofin Confédération a 2010, shekarar da Mazembe ta je Abu Dhabi, USGN kuma ta maimaita a kakar 2021-2022. Ƙungiyoyin da ke da jama'a a bayansu, irin su Sahel, Olympic da Zumunta a Yamai, Dan Kassawa a Maraɗi, Espoir a Damagaram, su ne ke fama da kuɗin mota da na masauki. Masu kuɗi ba su da ƴan kallo sosai, masu ƴan kallo ba su da kuɗi.

Sau da yawa a fada da majalisun shayi ana cewa abin da muka rasa shi ne Katumbi namu, wani Alhaji da zai zuba dukiya. Maraɗi ba ta rasa attajirai ba. Amma tarihin Mazembe na nuna cewa kuɗin attajiri na sayen shekaru goma na daɗi, abin da ke saura bayan haka shi ne abin da aka gina da sunan ƙungiya. Abubuwa uku ne, kuma biyu daga ciki ba sa bukatar miliyoyi masu yawa.

Na farko fili, ko da na atisaye ne, da takardarsa da sunan ƙungiya. Na biyu makarantar yara mai rajista. Dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa ga ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23, amma ƙungiyar da ba ta rubuta yaron a takarda ba, ba ta da abin da za ta nuna ta karɓa. Moussa Maazou ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara guda bayan haka CSKA Moscou ta saye shi. Irin wannan ciniki na biyu shi ne inda ƙungiyar gida ke da rabo idan takardunta sun cika. Na uku shugabanci da ba ya mutuwa da tafiyar mutum ɗaya: mambobi masu biyan kuɗin kati, taron shekara, da lissafin da ake karantawa a gaban kowa.

A kan na ukun ne ita kanta Mazembe ba ta ba da amsa ba tukuna. Katumbi ya haura shekara 60, ya kusa shekara 30 a kan kujerar, kuma rabin hankalinsa na kan siyasar Kinshasa. Ranar da ya sauka ne za a san ko Lubumbashi ta gina ƙungiya mai tsayawa da ƙafafunta, ko kuwa za ta sake shiga irin shirun da ta yi daga 1980 zuwa 2009. Shugabannin ƙungiyoyinmu da hukumar FENIFOOT suna da damar yi wa kansu wannan tambaya tun yanzu, tun kuɗin da ake magana a kai ba su da yawa.