Shari'ar gado na buƙatar wa'adi kamar ta zaɓe

Duk wanda ya san Tsohuwar GRA a birnin Bauchi ya san irin gidajenta, masu faɗin fili da manyan itatuwa. A cikinsu akwai waɗanda aka garƙame tun ranar da aka share makokin mai gidan, ciyawa ta cinye harabar, rufi ya fara yoyo, ga gargaɗi a jikin katanga cewa gidan ba na sayarwa ba ne domin magana tana kotu. Da yawa daga masu irin waɗannan gidaje ma'aikatan gwamnati ne da suka yi tashe bayan Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976. Wannan zubin na ma'aikata yana ƙarewa, 'ya'yansu kuma da dama suna nan Abuja a ma'aikatu da hukumomi, suna neman izinin kwana biyu daga ofis don halartar zaman da za a ɗage cikin minti biyar.

Abin mamaki shi ne dokar da ake shari'ar a kanta ba ta da duhu. Suratun Nisa'i ta yanka wa kowane magaji rabonsa, littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Risala da Tuhfatul Hukkam, sun tsara matakan: a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, in kuwa su huɗu ne su raba tumunin. Malamin da ya san fara'id zai gama lissafin kafin la'asar. Rigimar tana tasowa ne kan abin da za a raba. Ɗa ya ce mahaifinsu ya ba shi ɓangaren baya kyauta tun yana raye, amma babu takarda, babu kuma shaidar ya karɓi wurin a hannunsa, alhali kyauta a mazhabar Maliku ba ta tabbata sai da hauzi kafin mutuwar mai bayarwa. Uwargida ta ce da kuɗin adashinta aka ƙara ɗakuna biyu. Banki ya fito da takardar mallakar filin ya ce jingina ce.

Daga nan sai a hau tsani mai hawa biyar: Kotun Shari'a, Babbar Kotun Shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli. A kowane hawa akwai ramin hurumi. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure da saki da riƙon yara da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado. Da zarar magana ta koma ta wane ne mai fili, ta fita daga hannunta. Daga jihar Bauchi ɗin nan shari'ar Magaji da Matari ta taso, rigima ce kan gona, kuma a shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ta da hurumin sauraron ta tun farko. Tun da doka ta yarda a ta da batun hurumi a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne, ana iya rushe aikin shekara goma ba tare da an taɓa ainihin maganar ba.

Wannan ciwo bai tsaya a Arewa ba. A shari'ar Ariori da Elemo, rigimar fili da aka shigar a Legas a 1960, sai a 1983 Kotun Ƙoli ta yi magana, abin da ta ce kuwa shi ne a koma a sake sauraro daga farko. A shari'ar Ukeje da Ukeje, mahaifin ya rasu a 1981, 'yarsa ta shiga kotu a 1983 don a tabbatar tana cikin magada, hukuncin ƙarshe ya zo a 2014. Ta yi nasara, hukuncin kuma ya zama tarihi domin ya soke al'adar hana 'ya mace gado a ƙasar Ibo, amma sai da ta ba da shekara 31 na rayuwarta.

Waɗanda suka fi kowa ganin abin da irin wannan jinkiri ke haifarwa su ne ma'aikatan ofisoshin lauyoyi masu kula da shari'o'in iyali. A irin waɗannan ofisoshi akan sami fayil da ya girmi ƙaramin lauyan da aka miƙa wa shi. Shugaban ofis da ya buɗe fayil ɗin ya tsufa ko ya rasu, akawun da ya san inda kowace takarda take ya yi ritaya. Aikin yau da kullum ya ƙunshi bin rajistara don a haɗa kundin ɗaukaka ƙara, da neman mai kai sammaci ya gano magajin da ya koma Kaduna, da tafiya Jos da asuba a tarar kotu ba ta zauna ba. Idan an sauya wa alƙali wurin aiki ko ya yi ritaya kafin hukunci, sai a sake kiran shaidu daga farko, wasunsu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Idan ɗaya daga cikin magada ya rasu kafin rabo, rabonsa ya koma kan nasa magadan, abin da malamai ke kira munasakha, sai shari'ar mutum tara ta zama ta mutum talatin, kowa da lauyansa. A ɗakin jira kuwa akwai gwauruwar da take tambaya ko za a iya cire mata kuɗin makarantar yara daga hayar shagunan da kotu ta hana a taɓa, kuma ƙaramin lauya ne zai gaya mata ba zai yiwu ba.

Lauyoyi ma suna da nasu kason na laifi. Tsarin biyan kuɗi a kan kowane zama yana sa ɗage shari'a ya zama riba ga wanda ya kamata ya ƙi shi. Akwai ƙarar da ake ɗaukakawa kan ƙaramin umarni na tsakiyar shari'a don kawai wanda ke zaune a gidan ya ci gaba da karɓar haya. Akwai kuma sakaci: tun hukuncin Okafor da Nweke a 2007, takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofis maimakon sunan lauya ba ta da inganci, kuma shari'o'i da dama sun mutu ta wannan hanya bayan shekaru. Tun a 2007 ƙa'idojin aikin lauya suka wajabta wa lauya ya sanar da mai ƙara cewa akwai hanyar sulhu kafin a shiga kotu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin nan kuwa ya haɗa da gaya wa mutum gaskiya cewa ba shi da hujja, ko da zai tashi ya tafi wani ofis.

Najeriya ta riga ta nuna tana iya sa wa shari'a wa'adi idan ta ga dama. Sashe na 285 ya ba kotun ƙararrakin zaɓe kwana 180, ya ba kotun ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma ana cikawa. Ana cikawa ne ta hanyar janye alƙalai daga kotunansu na tsawon watanni, sauran shari'o'i su jira. A shekarar shari'a ta 2022 zuwa 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci 251, daga ciki 125 na siyasa ne. Kujerar ɗan majalisa ta shekara huɗu ce, shi ya sa ake gaggawa. Yarintar maraya ma tana da iyaka, kuma yaron da aka fara shari'ar gidansu yana aji ɗaya na firamare bai kamata ya gama jami'a kafin a yanke ba.

Masu adawa da wa'adi suna cewa gaggawa na iya haifar da zalunci, musamman inda ake buƙatar nemo shaidu da tantance dukiya a garuruwa daban-daban. Maganarsu tana da nauyi, shi ya sa ba mu ce a kwafi kwana 180 kai tsaye ba. Abin da wannan jarida ke kira shi ne Majalisar Dokoki ta Tarayya, a aikin gyaran kundin tsarin mulki, ta sa iyaka mai ma'ana ga kowane mataki na shari'ar gado da riƙon yara, ta kuma sa irin waɗannan ƙararraki su ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara sai inda aka taɓo fassarar kundin. A wajabta ta da batun hurumi tun a kotun farko. Tun da sashe na 247 ya ce sai alƙalai uku masana shari'ar Musulunci ne za su saurari ƙarar da ta fito daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, to a naɗa isassu, a kuma tsara musu zama na dindindin a rassan Arewa.

Jihohi ba sai sun jira Abuja ba. Legas ta buɗe cibiyar sulhu a harabar kotu a 2002, Abuja a 2003, Kano a 2009, Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 kuma ta ƙara wa yarjejeniyar sulhu ƙarfi. Bauchi tana da Zauren Sulhu a ƙarƙashin Hukumar Shari'a. Abin da ya rage shi ne a sa shi ya zama ƙofar farko ta tilas ga rigimar gado, a rubuta abin da aka amince, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci. Kotuna kuma su riƙa ba da umarnin wucin gadi na ciyar da gwauraye da marayu daga kuɗin haya tun a zaman farko.

Akwai kuma abin da ke hannun mai karatu. Ma'aikata da yawa suna zaton sunan da suka rubuta a gurbin makusanci a fayil ɗin ofis shi ne magaji, alhali wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai. Dokar Fansho ta 2014 ta ce kuɗin asusun ritayar mamaci ana sakin su ne bisa wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyarsa, ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, wadda ake biya ga wanda ma'aikaci ya ambata. Ya kamata kowa ya duba sunan da ke kan tasa takardar. Wanda ya yi kyautar gida ya rubuta, ya kafa shaidu, ya miƙa wurin, ya nemi amincewar gwamna kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Wanda ake bi bashi ko yake bi ya rubuta. Magada kuma su raba da wuri, tun dattawan da suka san tarihin gidan suna raye kuma 'yan'uwa suna gaisawa.