Jiran makullin sabon gida: Kada lafiya ta biya cikon kuɗin

A wannan makon za mu duba halin da magidanta da dama ke ciki, wato lokacin da mutum ya biya mafi yawan kuɗin sabon gida, ginin ya tsaya, amma makulli bai shigo hannu ba. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai haɗa magunguna da cinikin gida? Ai kuwa da ruwanmu, domin abin da wannan jira ke haifarwa a jiki kan teburinmu yake ƙarewa.

'Yan uwanmu da suka shekara da shekaru suna haya a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Sabon Ibadan yanzu suna sayen gidaje a sababbin rukunan da ake ginawa a Ikorodu da Mowe da Ibafo, na Abuja kuma a Lugbe da Kuje. Yawanci ana biya ne kashi-kashi tun ginin bai kammala ba. Sai kamfani ya ce wata uku, wata ukun ya zama tara. Ko an gama ginin ma, akwai sauran takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a mayar da mallakar fili mai takardar C of O zuwa sunan wani sai da amincewar gwamnan jihar, a Abuja kuma ministan birnin. Wanda ya bi ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta tsara a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci dominsa, shi ma takardunsa sai sun bi ta bankin lamunin gidaje kafin su kai Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ke nan jiran ba ya hannun mai saye. Abin da ke hannunsa shi ne yadda zai fita daga jiran da lafiyarsa.

Abu na farko da ya fi tayar mini da hankali shi ne rage magani don a tara cikon kuɗi. Idan kamfani ya ce a kawo kashin ƙarshe kafin ƙarshen wata, ga kuɗin haya ya zagayo, ga kuɗin makarantar yara, abin da ake fara yankewa shi ne abin da ba ya kuka. Hawan jini kuwa ba ya kuka. Sai ka ga mai shan amlodifin ya koma raba ƙwaya biyu, ko yau ya sha gobe ya tsallake. Mai ciwon suga ya ajiye metfomin ya ce sai an tare. Uwargida kuma takan ɓoye cewa nata ya ƙare don kada ta ƙara wa maigida nauyi. Wannan ba tattali ba ne, bashi ne da jiki ke ci, kuma ranar biyansa ba ta da daɗi. Jinin da ya tsaya a 140/90 ko sama da haka na tsawon watanni yana lalata ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da mutum ya ji komai ba, har sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Wasu magungunan ma, irin su atenolol da furofuranolol, dakatar da su lokaci guda kan jawo bugun zuciya da ciwon ƙirji. Jinyar shanyewar ɓarin jiki ta mako guda ta fi ƙarfin kuɗin maganin shekara, kuma gidan bene ba ya amfanar wanda ba ya iya hawa matakala.

Idan aljihu ya yi nauyin ɗauka, ka faɗa wa mai haɗa magunguna gaskiya. Sau da yawa akwai irin wannan maganin na wani kamfani, mai lambar rajistar NAFDAC, da ya fi araha sosai, kuma sinadarin ɗaya ne. Likita ma na iya sauya tsarin zuwa wanda za ka iya ɗauka. Ka ware kuɗin maganin wata uku a gefe kafin ka tura kashin ƙarshe, kamar yadda kake ware kuɗin lauya.

Abu na biyu shi ne rashin barci. Wanda ya zuba gumin shekara goma a gidan da bai riƙe makullinsa ba, ba abin mamaki ba ne ya kwana yana lissafi. Matsalar ita ce hanyar da ake bi don neman barcin. Diyazefam da buromazefam, wanda aka fi sani da Lexotan, ba magungunan da ake karɓa daga hannun aboki ba ne. Makonni kaɗan ana sha jiki ke sabawa, daga nan barci ba ya zuwa sai da su. Haka kuma yawan shan diklofenak ko ibufurofen saboda ciwon kai da na wuya yana ɗaga hawan jini, yana kuma cin bangon ciki. Idan ciwon kai ya zama na kullum, a fara da awon jini kafin a nemi ƙwaya. Akwai kuma dabara mai sauƙi: ku tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran kamfani ko lauya, a rubuta abin da aka ce da ranar da aka faɗa. Sauran kwanakin a bar maganar gida ta huta, musamman bayan sallar isha'i. Miji da mata su san gaskiyar abin da aka biya da abin da ya rage, domin damuwar da mutum ɗaya ya ɗauka a ɓoye ta fi nauyi.

Kada kuma ka sallami gidan haya saboda alkawarin baki. Iyalai da yawa sun tsinci kansu a ɗaki ɗaya a gidan ɗan uwa, kaya a shagon wani, saboda an ce musu makulli na nan tafe ranar Juma'a. Cunkoso irin wannan shi ke yaɗa tari da ƙazuwa da gudawa a tsakanin yara. Gara ka roƙi mai gidan hayar ya karɓi kuɗin wata-wata ko na wata uku-uku har ka tare.

To, maimakon zaman jiran tsammani, wannan lokaci shi ne mafi dacewa da duba lafiyar gidan kansa, domin kamfani ya fi sauraron wanda bai gama biya ba. Ga abubuwan da nake ba da shawarar a duba:

Ruwa. Yawancin sababbin rukunan gidaje rijiyar burtsatse suke amfani da ita. Ka tambayi inda take da inda ramin masai yake. Abin da masana tsaftar ruwa suka fi ba da shawara shi ne tazarar kimanin mita 30. Ruwa ya yi garau ba shi ne tsafta ba. A ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bahaya da kuma sinadarin naitiret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 a kowace lita, domin idan ya wuce haka yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata, kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

Danshi. Ka je gidan washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ba ranar da dillali ya zaɓa maka ba. Dubi gindin bango, kusurwar silin da bayan banɗaki. Bangon da aka yi wa fenti kafin filasta ta bushe yakan kumbura, daga baya fumfuna ta fito, ita kuwa babbar abokiyar gabar mai asma ce. Dubi kwatami ma: inda ruwa ke kwanciya, nan sauro zai yi gida. A tabbatar an sa raga a tagogi kafin a tare.

Fenti. Warin sabon fenti da tina da gam ɗin katako yana sa ciwon kai da yajin ido da tari. A bar tagogi a buɗe na kwanaki kafin a kawo jariri, mai juna biyu ko tsoho. A kuma tambayi irin fentin mai da aka shafa a ƙofofi da ƙarafan taga, domin wasu masu kala mai haske, kamar rawaya da ja, na ɗauke da dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, duk da cewa can daga haƙar zinari ta fito. Babu wani adadin dalma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Janareto. Sau da yawa ana tarewa kafin a haɗa wutar unguwa. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe iyali guda cikin barci. Mazauninsa ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, ba a baranda ko ƙarƙashin matakala ba.

Ingancin ginin. Bayan rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021, wanda ya kashe fiye da mutum 40, bai kamata wani ya ji kunyar tambaya ba. A Legas, hukumar kula da gine-gine ta jihar na ba da takardar shaidar cewa gini ya kammala kuma ya dace a zauna. Ka nemi ganinta, ka kuma kai injiniyanka ya zagaya.

Daga ƙarshe, ka san asibiti mafi kusa da ke aiki da dare, ka kuma gwada tafiyar a lokacin cunkoso. Mai inshorar lafiya ya fara shirin sauya asibitinsa tun yanzu, mai ciki kuma ta san inda za ta ci gaba da awo. Ranar kwashe kaya, jakar magani da katin rigakafin yara su kasance a hannunki, uwargida, ba a bayan motar kaya cikin rana ba. Yawancin magunguna ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, insulin da ba a buɗe ba kuma yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka a sa shi a kula, amma kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye.

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Makulli zai zo in Allah Ya yarda, abin da ake so shi ne ya tarar da kowa a tsaye da ƙafafunsa. Allah Ya sa a shiga a sa'a, Ya sa gidan ya zama na albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.