SANA'A SA'A: Gitar da ta yi shiru ba ta mutu ba

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Dole ranar alhamis ya san teburan masu gyaran radiyo, inda ake jibge tsofaffin akwatunan talabijin, da wayoyin salula, da lasifika masu yagaggen baki. A irin wannan wuri ne akan ga makaɗi tsaye, gitar a hammata, ido ya yi ja don rashin barci. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Jiya da dare, ana tsakiyar biki a Zango ko a Birni, muryar gitar ta ɗauke. Itace lafiya lau, tsirkiya shida duk suna nan, in an kaɗa ta cikin ɗaki ana ji, to amma da zarar an haɗa ta da ampli ba abin da ke fitowa sai ƙara kamar ana suyar ƙosai. Ga shi kuwa ya riga ya karɓi kuɗin wasan ranar asabar, har ya sayi gero da su. Nan da nan za a samu mai ba shi shawara ya sayar da ita ko nawa ne, ya ci bashi ya sayi sabuwa. Wannan shawara ita ce ta fi kowace tsada, kuma sau da yawa babu dalilinta.

Da farko ya kamata a rarrabe, domin gitar mai lantarki iri biyu ce. Akwai mai jikin katako cur, irin Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954, wadda ita ce mafi yawan makaɗan Agadas ke riƙewa. Wannan maganaɗisu ne ke ɗaukar motsin tsirkiyarta, kuma galibi babu batir a cikinta, sai waya da maɓallai. Sannan akwai mai ƙoƙo, wato gitar da ke da murya tata ta kanta, aka ƙara mata kayan lantarki don a ji ta a fili. Kamfanin Ovation na Amurka, wanda Charles Kaman mai ƙera jiragen sama masu saukar ungulu ya kafa, shi ne ya baza irin wannan a duniya tun farkon shekarun 1970. A kan wannan ta biyun maganar yau take.

Yadda take aiki ba wani asiri ba ne. A fuskar gitar akwai jaki, kamar dai na garaya ko na gurmi, kuma bisa jakin akwai wani ɗan farin ƙashi ko roba da tsirkiyoyi ke hawa. Ƙarƙashin ƙashin nan an shimfiɗa wani siririn abu, faɗinsa bai kai na tsinken ashana biyu ba, mai ɗauke da wani irin dutse da ke fitar da ƴar wutar lantarki duk lokacin da aka matsa shi. Wasu ƴan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su ne suka gano wannan hali na dutse a 1880. In tsirkiya ta motsa sai ta matsa ƙashi, ƙashi ya matsa dutse, dutse ya aika wuta. To amma wutar ba ta da ƙarfi ko kaɗan. In aka tura ta kai tsaye cikin doguwar waya, muryar da za ta isa ampli siririya ce, kamar ana buga gwangwani. Shi ya sa aka dasa ɗan allon lantarki a gefen ƙoƙon, wanda masu gyara ke kira plaket, mai aiki da batir na volt 9. Shi ke ƙarfafa muryar, shi ke kuma ba makaɗi damar ƙara kauri ko kaifi. Allon bai fi tafin hannun yaro ba, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abubuwa uku ke kashe shi a ƙasa irin Damagaram. Na farko ƙurar hunturu, mai shiga cikin maɓallan da ake turawa sama da ƙasa, ta riƙa sa su ƙara. Na biyu zafin bazara, lokacin da awo ke wuce 40, musamman in an bar gitar cikin mota ko ƙarƙashin kwano. Na uku, wanda ya fi duka ɓarna, shi ne batir da aka manta da shi a ciki. A nan akwai abin da makaɗa da yawa ba su sani ba: irin wannan gitar galibi ba ta da maɓallin kunnawa. Ramin da ake cusa waya shi ne makunninta. Muddin waya na ciki batir na ci, ko da gitar tana rataye a bango. In ya ƙare aka bar shi wata da watanni, sai ya tsiyayo da ruwansa, ya cinye bakin ƙarfen da yake zaune a kai, daga nan tsatsa ta bi waya har cikin allon.

Saboda haka gwanin mai gyara ba ya fara da kwance kusa. Yakan canza wayar da ke zuwa ampli, domin ita ce ta fi saurin tsinkewa daga ciki. Yakan gwada amplin da wata gitar. Yakan auna batir, don in ya sauko wajen volt 7 murya takan fara dishewa. Yakan duba ramin waya ko ya yi sako-sako, ya kankare tsatsa, ya busa ƙura. Sau da yawa a nan ciwon yake, kuma maganinsa bai wuce kuɗin goro ba. Sai bayan an bi waɗannan duka babu sauƙi ne ake yanke hukuncin sauya allo.

Daga nan magana ta dawo kan ƴan kasuwa, tun da allon ba a Damagaram ake yin sa ba. Mafi yawa daga Sin suke fitowa, kuma hanyar da aka fi bi ita ce ta Kano, wajen kilomita 240, ta Matamai da Daura. Wanda aka aika Sabon Gari da saƙon “a sayo mini plaket na gitar” an aike shi ne ya yi caca, domin kowane iri da girman raminsa. Kafin a ba da saƙo a auna tsawo da faɗin ramin da milimita, a ɗora takarda a zana shi, a lura da lanƙwasar gefen ƙoƙon, don fuskar allon ita ma a lanƙwashe take. A duba ko batir cikin allon yake zama ko yana da akwatinsa dabam. A duba bakin wayar da ke fitowa daga ƙarƙashin jaki, wanda a irin masu araha ɗan tsinke ne mai milimita 2,5. Abin da ya fi duka shi ne a tafi da tsohon allon a aljihu. Akwai na manyan kamfanoni irin Fishman, akwai kuma irin EQ-7545R da ake samu cikin gitar masu sauƙin kuɗi, kuma ba dole ba ne wani ya zauna a gurbin wani. Ɗan kasuwar da ya san wannan, kayansa ba sa dawo masa.

Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 ya koma 100, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi cikin dare guda. Ba su manta kuma da rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba, ko wadda ta biyo bayan Yuli 2023. Kowane karo darasin ɗaya ne: ranar da hanya ta toshe, wanda ya iya gyara shi ne mai arziki.

Shi aikin dasawar kansa haƙuri yake so fiye da ƙarfi. Akan sassauta tsirkiyoyi har hannu ya iya shiga bakin ƙoƙon, a cire batir, a kwance ƴan kusoshin da ke riƙe da fuskar allon. Kafin a taɓa ko waya ɗaya, a zana yadda suke a takarda ko a ɗauki hotonsu. Sannan a haɗa sabon allon a waje, yana reto, a sa batir, a ƙwanƙwasa jaki da farce. In ampli ya amsa, a ci gaba. In bai amsa ba, ba a yi asarar komai ba, tun da ba a yanka itace ba.

Yankan nan kuwa shi ne wurin da ake kuka. Kaurin gefen gitar bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma itacen da ya sha iskar hunturu ya bushe ƙayau, kaɗan yake jira ya tsage. In ramin ya yi ƙanƙanta, a manna takarda kewaye da shi, a zana iyaka, a riƙa gurzawa da magagari sannu sannu ana gwadawa. Wuƙa da zarto ba su da aiki a nan. Abin da aka rage ana iya ƙara ragewa, amma abin da aka cire ba ya dawowa. In kuwa ramin ya yi wa sabon allon yawa, gara a maida allon a nemo wani da a cike giɓi da gam.

Inda ake buƙatar liƙi, musamman a ramin waya mai baki uku, ɗaya na murya, ɗaya na ƙasa, ɗaya na batir, ƙaramin ƙarfen liƙi na lantarki ake so, mai wat 25 zuwa 40, da dalma irin ta masu radiyo. Ƙarfen da ake gasawa a garwashi don liƙin bokiti da ruwan batir da wasu ke shafawa, su kan gama da allo tun bai fara aiki ba. In aka juya bakin murya da na ƙasa, sai gurnani. In aka juya ja da baƙi na batir, ana iya ƙona allon nan take. Bayan an gama a tattara wayoyin a ɗaure su a jikin ƙoƙon daga ciki, don waya mai yawo takan yi kaɗe-kaɗenta ita ma.

Saura gwaji na ƙarshe, wanda shi ke raba gwani da ɗan koyo. A ɗaure tsirkiyoyi, a kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. In wata ta fi wata ƙarfi, laifin ba na allo ba ne: gindin farin ƙashin ne bai zauna daidai ba, ko tsakuwa ta shiga ƙarƙashinsa. Sai a ciro shi, a share gurbin, a goga gindinsa bisa takardar gurza da aka shimfiɗa a kan gilashi har ya miƙe sak. Duk wannan aikin yini guda ne cikin natsuwa, ba na la'asar ɗin ranar biki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. Volt 9 na cikin gitar ba ya cutar da kowa, amma ampli da kuran na volt 220 yake aiki, kuma wanda ba a haɗa shi da ƙasa ba yana iya turo wuta ta cikin waya har hannun makaɗi. Haka Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya rasu a gidansa a 1976. Ɗan koyo ya tsaya a kan gitar, ya bar cikin ampli ga wanda ya sani.

Ma'aikatan gwamnati su ma suna da rabonsu cikin wannan magana. Tun daga zamanin samariya, da gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987, an sayi kayan kiɗa da dukiyar jama'a don gidajen matasa da makarantu. Kafin magatakarda ya rubuta “ta lalace” a gaban sunan wata gitar cikin rajista, ya dace a kira mai gyara ya duba. Kuma doka guda da ba ta cin ko dala za ta ceci da yawa: duk kayan da za a ajiye, a zare waya, a cire batir.

Damagaram ba baƙuwar irin wannan hikima ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran garin nan sun zuba igwa da hannunsu, an kuma haɗa albarushi a cikin ganuwa. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi, ya je bakin tafkin Cadi a 2002 ya koyi biram wajen Bukar Tar don kada kayan kiɗan ya bi mai shi kabari, ya kuma zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2018. Mdou Moctar, wanda yau ake sauraro a Turai da Amurka, gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Ƙasar da ta haifi waɗannan bai kamata a ce an jefar da gitar mai rai a cikinta saboda allon da bai kai tafin hannu ba.

Itace mai kyau yakan shekara talatin ko fiye yana ƙara daɗin murya, allo kuwa baƙo ne, ya zo ya tafi. Makaɗi ya zare wayarsa in ya gama wasa, ɗan kasuwa ya auna kafin ya saya, mai gyara ya gwada kafin ya yanka. In kowa ya riƙe nasa, wasan asabar ba zai fasu ba. Allah ya sa wa sana'a albarka.