Mu Leƙa Turanci: Wucewa Ta Ƙarƙashin Rada

A makon nan za mu duba wani salon magana na Turanci da ya yawaita a jaridu da bakin ma'aikata, watau "under the radar". Fassararsa kai tsaye ita ce "ƙarƙashin rada". Kada mai karatu ya ɗauka raɗa ake nufi irin ta kunne. Rada na'ura ce mai hango jirgin sama tun yana nesa, irin wadda ake amfani da ita a filayen jirage.

Asalin maganar daga fagen yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a 1940, Ingila ta dogara da tasoshin rada da ta jera a gaɓar teku don hango jiragen Jamus. Amma na'urar tana da rauni guda: jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa, ya bi dab da ruwa ko bayan tsauni, yakan wuce ba ta gan shi ba. Daga nan aka ari maganar ga duk abin da ya gudana ba tare da masu sa ido sun farga ba.

A Hausa sai mu ce abu ya sulale, ko an yi shi ba a ankara ba. Ba kullum ne take nufin mugun abu ba. Ɗan kasuwar da ke tara dukiyarsa shiru, ba ya son idon jama'a, ana iya faɗa masa ita. Amma yaron da ya yi sanɗa zuwa tukunyar uwarsa bai cancance ta ba, domin maganar tana bukatar a sami wanda aka ɗora wa aikin tsaro.

Misali mai ɗaci yana nan Kuje. A daren 5 ga Yuli, 2022, 'yan bindiga suka fasa gidan yarin garin da nakiyoyi, fursunoni fiye da 800 suka tsere, ƙungiyar ISWAP kuma ta ce aikinta ne. Harin kansa ba a ɓoye aka yi shi ba, domin duk garin ya ji ƙara. Abin da ya wuce ta ƙarƙashin rada shi ne taruwar maharan da shigo da makamansu cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Washegari Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci wurin, ya nuna takaicinsa ga masu tattara bayanan sirri.

To, a nan ne ma'anar take. Wanda ya ce abu ya bi ta ƙarƙashin rada, ya shaida cewa abin ba layar zana gare shi ba, mai gadi ne ya ɗaga kai sama alhali ɓarawo yana rarrafe a gindinsa. Saboda haka duk jami'in da ya fake da wannan magana don wanke kansa, ya sani ya kai ƙarar kansa ne da Turanci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.