Sharhi: Wutar rani da makomar tsuntsayen kurmin Kagoro da Nindam

Da zarar hunturu ya kama a Kudancin Kaduna, hayaƙi kan turnuƙe duwatsun Kagoro da ke kusa da Kafanchan. Ƙona daji tsohuwar al'ada ce a nan. Bikin Afan na ranar 1 ga Janairu ma asalinsa na da nasaba da kammala girbi da buɗe lokacin farauta.

Sai dai a gindin duwatsun akwai gandun dajin Kagoro da Nindam, wanda ƙungiyar BirdLife International ta sanya cikin muhimman matsugunan tsuntsaye a Najeriya. Ruwan saman da duwatsun ke tarewa ne ya raya kurmi a bakin rafuka, har tsuntsayen dazuzzukan kudu suka samu wurin zama a arewa. Da rani kuma baƙin tsuntsaye daga Turai kan iso.

Haramta wuta kwata-kwata abu ne mai wuya, wataƙila ma ba shi ne mafita ba. Lokacin kunna ta shi ne abin dubawa. Wutar farkon rani, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, kan tsaya a bakin kurmi. Ta Fabrairu da Maris kuwa kan ci har ciki, ta kashe ƙananan itatuwa. Idan aka haɗa da saran gawayi da faɗaɗa gonaki zuwa gaɓar ruwa, rafukan kan ƙafe da wuri.

Wannan aiki ne na jami'an gandun dajin jiha tare da sarakuna da mafarauta, waɗanda suka san hanyoyin dajin, kuma za su iya samun abin kansu wajen yi wa masu kallon tsuntsaye jagora.