Mas'alar Waya Mai Kulle

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, ku sani wani almajirina ya zo mini da mas'ala. Ya tara kuɗin ɗinkin hula, ya tafi Kano, ya sayo wayar hannu irin wadda aka yi aiki da ita a Turai. Da ya komo Dutse ya sa mata layi, ta ƙi. Ya sake wani, ta ƙi. Mai gyara ya ce a kulle take, kamfanin layi na ƙasar da ta fito ya ɗaure ta, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Mai sayarwa kuwa ya ce ciniki ya faɗa.

Na ce yana da hakkin mayarwa. Kullen nan aibi ne da ya riga ciniki, aka ɓoye masa, saboda haka yana da zaɓi ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wannan ko mai karatun Risala ya san shi.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne asalin kullen. Mutum ya sayar maka da doki, ya karɓi kuɗinsa, sa'an nan ya ce ba ka shayar da shi sai a rijiyarsa, kuma kowane guga da kuɗi. Shin dokin nan naka ne? Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, sun ɓata cinikin da aka haɗa da sharaɗi mai warware manufarsa, kamar a ce wa mai saye kada ya sayar. A ganina kullen waya ɗan'uwan wannan sharaɗi ne, sai dai shi ba da baki aka yi shi ba, a cikin ƙarfe aka dasa shi.

Kada wani ya ce lamarin Turai ne. Mun ga wayoyin Starcomms da Visafone, waɗanda ba su aiki sai da layin masu su. Starcomms ya durƙushe, MTN ya sayi Visafone a 2016, wayoyi lafiyayyu suka zama abin wasan yara. Kuma duk mai yawo tsakanin Dutse da Kiyawa da Jahun ya san akwai ƙauyen da layi ɗaya ke kamawa, wani ba ya kamawa. Shi ya sa talaka ke neman waya mai layi biyu.

Hukumar NCC ta kyauta a 2013 da ta yarda mutum ya sauya kamfani da lambarsa. Amurka ta halatta buɗe waya da doka a 2014, Ingila ta hana kamfanonin layi sayar da kullalliya a 2021. Kuma waɗannan ba su karanta Muhtasar ba!

Wayar bashi, wadda ake rufewa daga nesa in an makara biya, hukuncinta dabam ne. In an bayyana sharaɗin a wurin ciniki, kuma kullen ya tashi ranar da bashi ya ƙare, da sauƙi.

Muna roƙon shugabannin 'yan waya na Dutse su wajabta wa mai sayarwa ya bar mai saye ya gwada layuka biyu na kamfani dabam-dabam kafin kuɗi ya bar hannunsa. Almajirin nan dai na haɗa shi da wasiƙa, ya koma Kano. Wassalamu.