Tallan da ke bin sawun mai neman fili

Darasin farko da masu koyar da talla ta intanet ke bai wa dillalan filaye da gidaje a Kaduna da Abuja shi ne su dasa Meta Pixel a shafinsu. Ana gabatar da shi a matsayin aikin minti goma da zai dawo da duk wanda ya leƙa fuloti ya tafi bai saya ba. Ba a tsayawa a tambayi wane ne mai leƙen, ko daga ina ya fito. Ga mutumin Kakangi da sauran garuruwan Birnin Gwari, labarin cewa yana neman fili a birni yana cikin manyan asiran da ya mallaka, kuma dillalin da ya dasa wannan abu ba da izininsa ba ya ci amanarsa tun kafin su gaisa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Pixel ɗin 'yan layuka ne na umarnin kwamfuta da ake liƙawa a cikin shafi. Da zarar mutum ya buɗe shafin, sai su aika wa Meta rahoto: wane shafi aka buɗe, a wane lokaci, da wace irin waya, wane maɓalli aka taɓa. Meta ta haɗa rahoton da asusun mutumin na Facebook ko Instagram, ta jefa shi cikin jerin waɗanda suka nuna sha'awa. Dillali na iya riƙe shi a jerin har kwana 180, a tsarin Google kuwa har kwana 540. Duk tsawon wannan lokaci hoton fulotin da farashinsa za su riƙa fito masa a fuskar waya. In ya cike fom ya rubuta lambarsa, akwai saitin da ke tura ita ma a rikiɗe domin a tabbatar shi ɗin ne.

Ga mai sayar da takalmi wannan 'yar damuwa ce kawai. Fili daban ne, domin wanda ya shafe mako yana duba fulotan Millennium City ko Rigasa ko Mando ya bayyana abu biyu game da kansa: yana da miliyoyi a hannu ko yana gab da samunsu, kuma yana shirin kai iyalinsa wani wuri.

A Kakangi, da ke yammacin Birnin Gwari wajen iyaka da Jihar Neja, waɗannan abubuwa biyu su ne ainihin abin da mai garkuwa da mutane ke son sani. Shekara da shekaru 'yan bindiga daga dazuzzukan Kamuku da Kuyambana sun riƙe yankin, sun mai da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari abin tsoro, sun ɗora wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi. Kuɗin fansa ba da ka ake yanka shi ba, ana yanka shi ne gwargwadon abin da infoma ya ce mutum na da shi. Gwamnati da kanta ta yarda cewa labarin da ke yawo ta waya makami ne, shi ya sa a ƙarshen Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin Kaduna har kusan wata biyu. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a Nuwamban 2024 ya buɗe hanya, kasuwar Kara ta dawo da ci, manoma sun koma gonaki. Ma'anar haka ita ce kuɗi sun sake shiga hannun mutane, kuma mai hankali a cikinsu zai so ya ajiye wani abu a birni saboda gobe. Yana yin hakan ne shiru, don ya san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Masu kare wannan dabara suna cewa dillali ba ya ganin sunan kowa, adadi kawai yake gani. Gaskiya ne, amma ba ta wurin dillali kaɗai asiri ke fita ba. Tallan da kansa shi ne mai tonawa. A karkara waya ba ta mutum ɗaya ba ce: tana kwana a shagon caji, ƙane na ara ya kalli bidiyo, a majalisa tana zagaya hannu biyar. Manomin da ya sayar da masararsa ya duba fuloti sau ɗaya cikin dare zai iya share tarihin bincikensa, amma ba shi da iko a kan hoton da zai faɗo tsakiyar Facebook ɗinsa bayan wata uku, da farashi ɓaro-ɓaro, a gaban wanda bai kamata ya gani ba. Kuma duk mai bin hanyoyin arewa ya san cewa waya na cikin abubuwan farko da ake bincikawa idan aka tare matafiya.

Hanya ta biyu ta fi muni. Talla na kora mutum zuwa fom, fom na neman suna, lamba, garin da yake zaune da adadin kuɗin da ya tanada. Bayanan suna sauka a teburin lissafi da ke hannun yaron ofis, da 'yan kamasho, da ɗan kwangilar da aka ɗauka ya kula da talla. Ana tura su ta WhatsApp, ana sake loda su ga Meta domin ta nemo masu kama da su. Jerin sunayen mutanen Birnin Gwari tare da kuɗin da kowa ya ce yana da shi takarda ce da bai kamata a samar da ita ba, balle ta kwana a wayoyi shida.

Suna kuma cewa kowa haka yake yi a duniya. A Amurka, inda aka ƙirƙiri dabarar, an daɗe da raba tallan gida da tallan sabulu. A Maris 2019 Facebook ta amince ta taƙaita yadda ake zaɓen waɗanda za su ga tallan gidaje, bayan ƙungiyoyin kare haƙƙi sun kai ta kotu kan nuna wariya. A Yunin 2022 ta sake sasantawa da ma'aikatar shari'a ta ƙasar, ta jingine ɗaya daga cikin kayan aikinta na tallan gidaje. Damuwarsu a can wariya ce, a nan kuwa rai ne. In ƙasar da ba ta san harajin noma na ɗan bindiga ba ta ga dalilin sa wa tallan gida linzami, dillalin Kaduna ba shi da hujjar sakin nasa.

Doka ma ba ta bar shi ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta samun halastaccen dalili kafin a tattara bayanan mutum, ta kuma ba shi ikon ƙin a yi amfani da su wajen yi masa talla. Tarar ƙaramin kamfani na kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kuma yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya na cikin laifukan. An yi ta murna da an taɓa babban kamfani, aka manta cewa Meta ba ta shiga shafin kowa da ƙarfi. Mai shafin ne ke buɗe mata ƙofa, kuma shi ma dokar ta hau kansa.

Gyaran ba ya buƙatar a daina talla. Kada Pixel ya tashi sai mai ziyara ya amince, a tambaye shi da Hausa, a fili, ƙin yarda ya zama da sauƙi kamar yarda. A daina tambayar garin mutum da adadin kuɗinsa a fom, wannan magana ce ta baki da baki. A daina loda lambobin abokan ciniki ga Meta da Google. A rage kwanakin bibiya zuwa mako ɗaya ko biyu, a cire farashi daga tallan da ke bin mutum. Ƙungiyar masu gina gidaje ta REDAN da hukumar NDPC suna da ikon mai da waɗannan ƙa'ida, masu koyar da talla kuma su sa su a darasin farko.

Dillanci a ƙasar Hausa sana'ar rufin asiri ce tun asali. Ana zuwa wurin dillali ne don kada mai sayarwa ya tallata talaucinsa, kada mai saye ya tallata wadatarsa, kuma la'adar da yake karɓa har da ladan kama bakinsa a ciki. Wanda ya koma intanet da sana'ar ya tafi da wannan nauyi a kansa. Mutumin Kakangi da ya buɗe shafinsa ya zo neman inda zai ajiye 'ya'yansa ne, kuma haƙƙinsa ne ya duba ya tafi ba tare da wayarsa ta ci gaba da ba da labarinsa har wata shida ba.